Rufe Sassan da Ba a Bukata a Jerin Hotuna

Masu binciken halitta ba su cika ɗaukar hoto guda ba. Sukan ɗauki abu ɗaya da madubin ƙara girma sau hamsin ko ɗari, ko dai zurfi bayan zurfi, ko kuwa lokaci bayan lokaci, sa'an nan su jera hotunan kamar ganyayen littafi. Haka kuma masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce su ke yi wa shafi guda a ƙarƙashin haske iri iri. Manhajar da aka fi sani wajen wannan aiki ita ce ImageJ, wadda Wayne Rasband ya fitar a Amurka cikin 1997.

To, a kowane ganye akwai abin da ba a so: ƙura, ko gefen gilashi, ko wata ƙwayar da ba ita a ke nazari ba. Maimakon a bi ganye ganye ana gogewa, sai a zana marufi guda, watau hoto mai lamba biyu kaɗai, 1 a inda a ke so, 0 a inda ba a so, a ninka jerin duka da shi.

A nan ne mutane da yawa su ke tuntuɓe. Kowane ɗigo na hoto lamba ce, daga 0 zuwa 255 a hoto mai bit 8, sifiri kuwa lamba ce kamar sauran. Wurin ya yi baƙi, ido ya ce ya tafi, amma na'ura tana ƙidaya shi. A ce matsakaicin hasken abin da a ke so 120 ne, an kuma rufe rabin hoton da sifiri. In aka auna ganyen duka, 60 za a samu. Maganinsa shi ne a mai da jerin zuwa bit 32, a cika wurin da alamar NaN, wadda ma'anarta "ba lamba ba ce". Ita ImageJ tsallake ta ta ke yi wajen lissafi.

Har ila yau, marufi guda ba ya amfani sai in abin bai gusa ba. Ƙwaya mai rai kuwa motsi ta ke yi, gilashin ma yakan zame kaɗan. Saboda haka wajibi ne a fara daidaita ganyayen bisa juna, in kuwa abin ya canja siffa ƙwarai, a zana wa kowane ganye nasa marufin.