Ƙararrawar Hayaƙi Tana Ihu Ba Gobara: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

A ƙarshen Nuwamban 2015 wuta ta tashi cikin dare a ɗakin kwanan Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati da ke Jogana, a ƙaramar hukumar Gezawa, ɗalibai bakwai suka rasu. A Fabrairun 2025 kuma almajirai 17 suka rasu a wata gobarar dare a Ƙauran Namoda. Domin irin wannan aka ƙera ƙararrawar hayaƙi, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a silin, wadda ke tsala ihu da ta ji hayaƙi. Sai dai wanda ya saka ta a shago ko ɗakin ajiya a Ɗambatta, Bichi ko Minjibir, zai iya jin ta ta ɓarke da ƙara alhali ko ashana ba a ƙyasta ba. Daga nan sai zantuka su yi yawa. Ga yadda suke idan an tace su.

"Ƙurar hunturu na sa ta ihu." Gaskiya ne.
Akwai wadda take da ɗan ƙaramin haske a cikinta da wani ido mai lura da shi. Idan hayaƙi ya shiga, sai ya watsa hasken ya faɗa kan idon, ƙararrawa ta tashi. Idon nan bai san bambancin hayaƙi da ƙura ba. Hazon Disamba da Janairu, ƙurar sussukar gero da dawa, da garin injin niƙa, duk suna iya taruwa a ciki su ruɗe ta. Haka gizo-gizo ko ɗan ƙwaro idan ya kutsa. Maganin abin shi ne a riƙa sauke ta ana kakkaɓe kafofinta, musamman bayan kaka.

"Girki da turare na tayar da ita." Gaskiya ne, amma ba laifinta ba ne.
Hayaƙin karan dawa, suyar ƙosai, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, har da tururin tukunya, kowanne na iya taɓa ta. A nan aikinta ta yi; wurin da aka ajiye ta ne bai dace ba. Ƙa'ida ita ce a nesanta ta da murhu da aƙalla mita 3. Ɗakin girki kuwa akwai tasa daban, mai jin zafi maimakon hayaƙi, wadda ke tashi idan zafi ya kai wajen digiri 58.

"Kukan da take da asuba aikin iskokai ne." Ƙarya ne.
Ruwa ba ya tsami banza. Idan ka ji tana 'yar tsuwa ɗaya-ɗaya, kusan kowane minti guda, batir ne ya yi rauni. Sanyi na rage ƙarfin batir, shi ya sa tsuwar ta fi fitowa da asubahin hunturu, rana na ɗagawa ta yi shiru. A canza batir kawai.

"Zafin rufin kwano na haukata ta." Da ƙamshin gaskiya.
Da yawa daga cikinsu an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 38 zuwa 40 ba, alhali bazarar Kano kan kai haka a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Kada a liƙa ta a jikin kwano kai tsaye. A sa ta a silin ko can saman bango. Tsufa ma na lalata ta: bayan shekara 10 sai a sake sabuwa, kuma ranar ƙira na rubuce a bayanta.

"Akwai gubar nukiliya a ciki mai sa cuta." An zuzuta.
Wani nau'i na ɗauke da ɗan mitsitsin sinadarin amerisiyom-241 a killace cikin ƙarfe. Muddin ba a fasa ta ko an jefa ta wuta ba, ba ta cutar da kowa. Mai aiki da haske kuwa ba ta da shi sam.

"Za ta sanar da kai idan gas ya zuba ko iskar janareta ta cika ɗaki." Ƙarya ce mai haɗari.
Ba ta jin gas ɗin girki, ba ta kuma jin iskar nan marar wari da ke fitowa daga janareta da kaskon gawayi, wadda ke kashe mutane suna barci. Kowanne da na'urarsa. Janareta dai waje, kasko kuma kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki.

"Tunda tana damun mutane, a cire batir a huta." Wannan shi ne babban kuskure.
A gobarar dare, hayaƙi ne ya fi halaka mutane tun kafin harshen wuta ya iso, kuma mai barci ba kasafai wari ke tashinsa ba. A ƙauyen da motar 'yan kwana-kwana sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta zo, mintunan farko su ne komai.

Saboda haka, shugabannin makarantun kwana, malaman tsangaya da masu shaguna: duk sanda ta yi ƙara, a fara fitar da mutane a duba, sannan a nemi dalili. A danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata, a kakkaɓe ƙura, a gyara mata wuri, amma kada a bar ta ba batir ko da dare ɗaya.