CIYAWA A LAMBUN GIDA: ME YA SA TAKE DAWOWA BAYAN AN NOME?

Gabatarwa

Ƙasar Zuru, wadda take kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta manoma. Damina takan faɗi a can tun wajen watan Afrilu ko Mayu, ta kai har Oktoba, wato ta fi ta Birnin Kebbi da Argungu tsawo da yawan ruwa. Baya ga manyan gonakin dawa da masara da shinkafa, gidaje da yawa a Zuru da Dabai da Ribah da Mahuta suna da ɗan fili a bayan ɗaki inda ake shuka kuɓewa da yakuwa da alayyafo da barkono da 'yan kunyoyin masara. Daga wannan fili ake samun kayan miya a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba.

To, amma ruwan da yake raya shuka shi ne yake raya ciyawa, ko haki kamar yadda ake cewa a yammacin ƙasar Hausa. Shi kansa harshe ya shaida girman wannan matsala, domin kalmar "noma" ita ce sunan sana'ar baki ɗaya, kuma ita ce sunan aikin kashe ciyawa da fartanya. Haka nan al'ummar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun daɗe da sanin darajar wannan aiki. A al'adarsu ta Golmo, saurayi da abokansa sukan yi shekaru, har bakwai, suna yi wa gidan surukai noma kafin a ba shi aure. Tambayar da wannan maƙala za ta amsa ita ce: me ya sa ciyawa take dawowa mako biyu bayan an nome ta ƙal, kuma yaya za a rage ta daga shekara zuwa shekara?

Mece ce ciyawa?

A wurin masana kimiyyar tsirrai, ciyawa ita ce duk wani tsiro da ya fito a inda ba a bukatarsa. Tafasa da lalo da gasaya abinci ne idan sun shiga tukunya, amma idan suka rufe fangalin albasa sun zama ciyawa. Illarsu ita ce suna rige-rige da shuka wajen abubuwa uku: hasken rana, da ruwa, da sinadaran abinci da ke cikin ƙasa. Bugu da ƙari, duhuwar ciyawa maɓoya ce ga ƙwari da ɓeraye da macizai, a wurin da yara suke wasa.

Bincike ya nuna cewa mafi yawan ɓarnar takan auku ne a makonni 3 zuwa 6 na farko bayan shuka ta tsiro, lokacin da saiwarta ba ta yi nisa ba, ganyenta kuma bai yi inuwa ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa manoma suke ɗaukar noman firi da muhimmanci fiye da maimai. Shukar da ciyawa ta danne tana ƙarama ba ta cika murmurewa ba, ko da an nome ta daga baya.

Rumbun da ke ƙarƙashin ƙasa

Ciyawar da ido yake gani kaɗan ce daga cikin abin da ke lambu. Kowace ƙasar noma tana ɗauke da ɗimbin irin ciyawa da ya zuba a shekarun baya, yana kwance yana jiran lokacinsa. Masana suna kwatanta wannan da rumbu: duk ciyawar da aka bari ta yi 'ya'ya ta zuba hatsi a rumbun, duk wadda ta tsiro aka kashe ta tana ƙarama an ɗebi wani abu daga cikinsa. Gindi ɗaya na zaki-banza yana iya zubar da dubban iri.

Wani gwaji da aka fara a Amurka ya nuna irin haƙurin da wannan iri yake da shi. A shekarar 1879, wani malamin kimiyyar tsirrai mai suna William Beal ya cika kwalabe 20 da yashi haɗe da irin tsirrai sama da kala 20, ya binne su a harabar kwalejin aikin gona ta Michigan. Tun daga lokacin ake tono kwalba ɗaya bayan wasu shekaru a gwada. A shekarar 2021 an tono wata, aka shuka abin da ke ciki, sai ga wasu sun tsiro bayan fiye da shekara 140 a ƙasa.

Mafi yawan ƙananan iri ba sa iya fitowa sai daga santimita 5 na saman ƙasa, kuma da yawa daga cikinsu suna bukatar su ga haske, ko da na ɗan lokaci ne, kafin su farka. Saboda haka duk lokacin da aka yi kaftu mai zurfi, an fito da tsohon iri daga ƙasa zuwa inda zai sami haske da iska. Wannan shi ne sirrin ciyawar da ke fitowa kamar an shuka ta bayan an juya fangali.

Rukunoni uku na ciyawa

Ba a yi wa kowace ciyawa magani iri ɗaya, domin hanyar yaɗuwarsu ta bambanta.

Rukuni na farko su ne masu rayuwar damina ɗaya, kamar harkiya da gude-gude da tuji da kyasuwa da kashin yawo. Waɗannan ba su da wata hanya sai iri. Idan aka sare su kafin su yi fure, an yanke zuriyarsu.

Rukuni na biyu su ne masu ajiye abinci a ƙarƙashin ƙasa, kamar tofa da kiri-kiri da aya-aya. Tofa tana da kara mai tafiya a cikin ƙasa, kiri-kiri kuma nata yana rarrafe a sama da ƙasa, kowace gaɓa tana iya zama sabon tsiro. Wanda ya daddatsa su da fartanya ya bar guntayen a danshi ya yi musu dashe ne kawai. Aya-aya kuwa, wadda masana ke kira Cyperus rotundus, tana yin 'ya'ya a ƙasa masu kama da aya, a jere kamar carbi. Wani nazari da aka wallafa a 1977 ya sanya ta a sahun farko cikin miyagun ciyayi na duniya. Sai dai tana da rauni biyu: 'ya'yanta suna mutuwa idan suka bushe a rana, kuma ba ta jure inuwa. Don haka lokacin yaƙarta shi ne rani, a tono, a tsince, a shanya a zafin Maris da Afrilu. Da damina kuma a rufe wurin da shuka mai yaɗo kamar dankali ko kabewa ko wake.

Rukuni na uku shi ne ƙuduji, ko wuta-wuta, wato Striga hermonthica, mai kyakkyawan fure ruwan hoda. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, gindi ɗaya yana zubar da dubbai masu yawa, kuma suna iya kwanciya fiye da shekara 10. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara take fitarwa. Da ya tsiro sai ya manne wa saiwar yana tsotse ruwa da abinci, ya yi makonni a haka kafin ya leƙo waje. Ke nan lokacin da manomi ya gan shi, ya riga ya yi ɓarna. A shekarar 1966 aka fara tace irin wannan sinadari daga saiwar auduga, aka kira shi sitirigol. Auduga da waken suya da gyaɗa suna sa irin ƙudujin hatsi ya tsiro, amma ba ya iya kama su, sai ya mutu da yunwa. Shi ya sa karɓa-karɓa tsakanin hatsi da waɗannan amfanin gona take rage shi. Haka kuma ƙuduji ya fi ƙarfi a gajiyayyiyar ƙasa, domin hatsin da ke jin yunwar taki ya fi fitar da sinadarin. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da cibiyar IITA ta Ibadan, sun fitar da irin masara da na wake masu jure masa.

Rigakafi ya fi magani

Daga abin da ya gabata, ana iya tsara matakai kamar haka:

1. Kada a bar ciyawa ta yi 'ya'ya, ko a fangali, ko a gindin katanga, ko a bakin juji. A tuge ƙuduji da zarar ya fara fure, a ƙone shi, kada a jefa wa dabbobi.

2. A shirya fangali mako biyu kafin shuka, a ba shi ruwa, a bar ciyawa ta tsiro, sannan a kankare ta sama-sama da fartanya. A yi shuka ba tare da an sake juya ƙasar ba.

3. A yi noma da safe a ranar da ake rana, ciyawa tana da ganye biyu zuwa huɗu, domin ta bushe kafin yamma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. A lulluɓe tsakanin shuka da busasshen ganye ko yankakken kara ko ɓawon gyaɗa, kaurin santimita 5 zuwa 10. Wannan yana hana iri ganin haske, yana kuma riƙe danshi. A guji ciyawar da ta riga ta yi 'ya'ya.

5. A bar taki ya ruɓe sosai. Irin ciyawa da yawa yana ratsa cikin akuya da saniya ya fito da ransa. Tarin taki mai danshi da ake juyawa yana iya kai zafin digiri 55 zuwa 60, wanda yake kashe mafi yawan irin.

Maganin feshi

Magungunan kashe ciyawa sun yaɗu a kasuwanni, kuma suna da amfani a manyan gonaki inda ma'aikata suka yi ƙaranci. Amma lambun gida yana kusa da rijiya da madafa da kaji da yara, ganyensa kuma ana tsinkarsa kullum. Maganin da ake kira farakwat guba ne da ba shi da makari, kurɓi ɗaya yana iya kashe mutum. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC kuma ta sanar da hana shi a Nijeriya daga farkon 2024. Shi kuwa gilaifoset, wanda ya shiga kasuwa a 1974, ba ya bambanta kuɓewa da tofa, kowane kore ya taɓa zai kashe. Duk wanda ya ga dole sai ya yi feshi, ya nemi shawarar malamin gona ko masana a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020. Kada a taɓa zuba magani a kwalbar lemo, kada kuma a ɗebi ruwan sha da galan ɗin da ya ƙare.

Gwaji don ɗalibai

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan rumbu da idonsu. A samo kwanoni uku masu huji a ƙasa. A cika na farko da ƙasar saman lambu, na biyu da ƙasar da aka haƙo daga zurfin santimita 20, na uku da yashi tsantsa haɗe da ɗanyen kashin awaki. A ajiye su a rana, a riƙa ba su ruwa ba tare da an shuka komai ba. Kowane mako a ƙirga abin da ya tsiro, a rubuta, a tuge. Bayan mako huɗu a juya ƙasar kowane kwano a ci gaba da ƙirga. Daga nan ɗalibai su tattauna: wane kwano ya fi ciyawa, kuma me ya faru bayan an juya ƙasar?

Kammalawa

Rumbun irin ciyawa ba ya ƙarewa a damina ɗaya, domin ba a damina ɗaya aka cika shi ba. Amma idan aka yi shekaru a jere ana ɗiba ba a zubawa, aikin fartanya yakan ragu, kayan miya kuma su ƙaru. Ɗalibin da ya tuge gindin ƙuduji ɗaya a bayan gidansu kafin ya zubar da iri ya rage wa iyayensa aikin shekaru masu zuwa, ya kuma tsare gonar maƙwabci, domin iska da ruwa da kofaton dabba ba su san iyakar gona ba.