Gilashin da ke gadin tukunyar tururi

A Anu-Araren, arewa da Agadas, kamfanin SONICHAR yana ƙona gawayin ƙasa tun 1981 don mai da ruwa tururi, tururin kuma ya juya injunan da ke ba Agadas da Arlit wutar lantarki. Ƙananan ire-iren wannan tukunya, wadda ma'aikata ke kira shodiyar, akan same su a masana'antun matsar mai da na rini da na lemo. Babba ko ƙarama, lafiyarta ta dogara ga abu guda, wato kada ruwa ya sauka ƙasa da ƙarfen da wuta ke lasa.

Dalilin haka a fili yake. A matsin bar 10, zafin ruwan cikin tukunya yakan kai wajen digiri 180, kuma lita guda ta ruwa in ta zama tururi a sarari takan cika wurin lita 1,700. Idan ƙarfe ya rasa ruwa sai ya yi ja, ya yi laushi, ya yage, ruwan da ya rage kuma ya faso da ƙarfin da zai iya rushe gini.

Mai kula da wuta ba ya ganin cikin tukunya. Idonsa shi ne gilashin awo, wanda ke tsaye a gefenta da robine uku: na sama na tururi, na ƙasa na ruwa, na uku na zubarwa. Kowane robine yana da igiyar toshiya da ke kewaye da sandarsa, noti yana danne ta. A da ana yin ta da amiyanti, amma da aka tabbatar yana cutar da huhu sai aka koma ga girafit.

Zafi da yawan juyawa sukan busar da igiyar, ta soma yoyo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan tururi yana zurarewa ta robinen sama, matsi yakan ragu a kan gilashin, ruwa ya hau fiye da yadda yake a tukunya. Idan kuma dattin ruwa ya toshe hanyar ƙasa, ruwan gilashin yakan daina bin na tukunya. Fasasshen gilashi kowa ya gan shi zai tashi tsaye, amma mai nuna ƙarya kwantar da hankali yake yi har ɓarna ta auku.

Saboda haka ake busa gilashin kowace rana. A rufe na sama da na ƙasa, a buɗe na zubarwa, sannan a busa hanyar tururi da ta ruwa ɗaya bayan ɗaya. Da an mayar da komai yadda yake, ya kamata ruwa ya dawo nan take. In ya yi nawa, akwai toshewa.

Sauya igiya kuwa sai an kashe wuta, tukunya ta huce, allurar matsi ta koma sifiri. A kwance noti, a zaƙulo tsohuwar igiya duka ba tare da ƙarzar sanda ba. A yanka sabuwa zobe-zobe, a jera su yadda mahaɗin wannan ba zai hau kan na wancan ba. A ɗaure noti a hankali, a ƙara ɗan matsewa bayan ƙarfe ya ɗumama. Matsewa fiye da kima takan sa robine ya cije a lokacin da ake bukatar rufe shi da gaggawa.

In ruwa ya ɓace daga gilashi, doka guda ce: a kashe wuta, kada a tura ruwan sanyi kan ƙarfen da ya yi ja.

Kuɗin igiyar toshiya bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin tukunya, balle ran ma'aikaci. Ya kamata mai masana'anta ya ajiye ta a sito tare da gilashin sauyi, jami'in bincike kuma ya nemi a busa gilashi a gabansa kafin ya sa hannu a takarda.