Ahmad Baba na Timbuktu: malamin da ya ce baƙar fata ba hujjar bauta ba ce

A duk lokacin da aka ambaci masu yaƙi da wariyar launin fata, hankalin ɗalibanmu yakan tafi Amurka ko Afirka ta Kudu. Amma tun fiye da shekaru ɗari huɗu da suka wuce, an yi wani malami Bamalike a wannan yanki namu da ya tsaya da alƙalaminsa ya kare mutuncin baƙar fata, har ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Gobir da sunayensu. Shi ne Shehu Ahmad Baba, wanda ake yi wa laƙabi da Assudani.

An haife shi a shekarar 1556 a zuri'ar Aƙit, gidan da ya daɗe yana riƙe da alƙalancin Timbuktu. Ya yi karatu a gaban mahaifinsa, sannan ya lazimci Shehu Muhammad Bagayogo shekaru masu yawa. A 1591 rundunar Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur ta ƙetaro Sahara da bindigogi, ta karya Daular Songhai a yaƙin Tondibi. Da malaman Timbuktu suka ƙi miƙa wuya, sai aka kama su a 1593, aka tasa ƙeyarsu zuwa Marakish cikin mari. A hanya Ahmad Baba ya faɗo daga raƙumi ya karye a ƙafa. An wawashe littattafansa 1,600, alhali shi da kansa ya ce nasa ne mafi ƙaranci a cikin danginsa.

Abin lura shi ne, Musulmi ne suka yi masa wannan aiki. Bayan an fito da shi daga kurkuku, aka hana shi barin birnin, sai ya zauna yana karantarwa, manyan malamai da alƙalai suna halartar darasinsa. A can ya kammala Nailul Ibtihaj, kundin tarihin malaman mazhabar Malikiyya da har yau masu bincike ba su wadatu da barinsa ba. Bai koma gida ba sai a 1608, bayan rasuwar al-Mansur.

Daga baya mutanen Tuwat, wani zangon fatake da ke cikin Aljeriya ta yau, suka aiko masa da tambayoyi game da bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. A wancan zamani ya zama ruwan dare a arewacin Sahara a ɗauki duk baƙin mutum a matsayin bawa, ko da kuwa yana salla. Amsar da ya ba su a 1615 ita ce littafin Mi'irajus Su'ud.

Da farko ya rushe tushen zancen. Ya nuna cewa a shari'a launi ba ya cikin dalilan bauta, kuma babu wani jinsi da aka halitta domin a mallake shi. Ya yi watsi da labarin da ake yaɗawa cewa baƙar fata ta samo asali ne daga la'anar Annabi Nuhu (AS) ga ɗansa Hamu, ya kafa hujja da Ibnu Khaldun wanda ya danganta bambancin launi ga yanayin ƙasa. Sannan ya lissafa Borno da Kano da Katsina da Gobir da Songhai cikin ƙasashen da suka karɓi Musulunci, ya ce mutanensu 'ya'ya ne, mallakarsu haramun ce. Ya kuma rinjayar da cewa idan wanda aka kamo daga irin waɗannan ƙasashe ya ce shi ɗa ne, to mai riƙe da shi ne zai kawo hujja.

Adalci ne mu faɗa cewa Ahmad Baba bai yi kiran soke bauta baki ɗaya ba. Ya yi magana ne cikin iyakokin fiƙihun zamaninsa, wanda ya yarda da bautar da fursunonin yaƙi waɗanda ba Musulmi ba. Abin da ya yi shi ne raba bauta da launi, a daidai ƙarnin da Turawa suke ƙulla su wuri guda a gonakin Amurka.

Ya rasu a 1627, amma fatawarsa ta iso mana. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da ita a Bayanu Wujubil Hijra, kuma a Wasiƙatu Ahlis Sudan ya bayyana haramcin bautar da Musulmi ɗa. Malam Abdullahi na Gwandu kuwa, wanda ya rasu a 1829, bai kyale mutanensa ba: a Tazyinul Waraƙat ya koka da waɗanda suka bar manufar jihadi suka koma neman duniya, har da sayar da 'ya'ya a kasuwa.

To mu fa? Doka ta kawo ƙarshen bauta a Arewacin Nijeriya a 1936, amma saura da me? Har yanzu akwai gidajen da ake hana saurayi mai addini da sana'a aure, don an ce kakansa bawa ne. Ana tsaida sadaki gwargwadon hasken fatar yarinya, abin da ya jefa 'ya'yanmu mata cikin shafe-shafen mayukan bilicin masu lahani. A 2017 duniya ta ga hotunan gwanjon baƙaƙen 'yan ci-rani a Libiya. Alhali Suratur Rum, aya ta 22, ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, Suratul Hujurat, aya ta 13, kuma ta mayar da fifiko ga taƙawa kaɗai.

Muna kira ga ɗalibanmu na Gwandu da Kalgo da kewaye su nemi waɗannan littattafai su karanta a gaban malamai, iyaye kuma su binciki addinin mai neman aure da halinsa, su bar tonon asali. Allah Ya jiƙan Shehu Ahmad Baba da magabatanmu, Ya tsarkake zukatanmu daga ragowar jahiliyya, amin.