Keken Gangarowa Daga Tsauni: Ƙirarsa da Dalilin Tsadarsa

Keken gangare keke ne da aka ƙera don aiki ɗaya tak, wato saukowa daga kan tsauni a guje, ta cikin duwatsu da saiwoyin itatuwa da ramuka. Ba a hawa tudu da shi. A wuraren da ake wannan wasa, mota ko kujerun da ke tafiya a kan waya su ke kai mahayi da kekensa can ƙololuwa, shi kuwa aikinsa ya gangaro. Mafi tsada a cikin irin waɗannan kekuna su ne masu gangar jiki ta zaren kabon, da shokazoba gaba da baya. Sabo fil yakan kai dalar Amurka 8,000, wani ma ya zarce haka.

Wasan ya samo asali ne a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka. A shekarar 1976 wasu matasa, cikinsu har da Charlie Kelly da Joe Breeze da Gary Fisher, suka fara tsere a wata gangara kusa da garin Fairfax, a kan tsofaffin kekuna masu birkin feda. Kafin a kai ƙasa, zafin birki ya ƙone giris ɗin da ke cikin cibiyar tayar baya, sai an sake cusa wani, shi ya sa suka laƙaba wa tseren suna Repack, wato sake cusawa. A 1990 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar kekunan tsauni ta duniya ta farko a Durango ta jihar Kolorado, inda Greg Herbold ya lashe tseren gangare da keke mai shokazoba a gaba kawai. Daga nan masu ƙira suka duƙufa wajen sa wa tayar baya nata.

Shokazoba ita ce ruhin wannan keke, kuma a nan ne mafi yawan gwanintar take. Kowace taya tana iya nutsewa sama da ƙasa kimanin milimita 200, kusan tsawon taƙi guda ke nan. Ƙafar gaba irin ta babur ce, sandunanta biyu sun miƙe har zuwa kan keken, an ɗaure su a wuri biyu don kada su murɗe. Fox 40 da RockShox Boxxer su ne fitattu. A baya kuwa, tayar tana kan wani hannu mai lilo da ke danna shokazoba guda a tsakiyar firam. Mutane kan ɗauka cewa an yi duk wannan ne don jin daɗin mahayi. Akwai wannan, amma babban dalili shi ne a riƙe taya a ƙasa. Tayar da ke sama ba ta cin birki, ba ta kuma shan kwana.

Abu biyu ne ke aiki a cikin kowace shokazoba. Na farko sifirin, ko na ƙarfe ko na matsattsiyar iska, wanda ke karɓar duka. Na biyu mai ne da ake tilasta wa bi ta wasu ƙananan kafofi, shi ke hana sifirin ya dawo da ƙarfi ya cilla mahayi sama. Akwai ƴan maɓallai da ake murzawa a rage ko a ƙara faɗin kafofin. Bakaniken ƙungiyar tsere yakan sa mahayi ya tsaya a kan feda sanye da duk kayansa, ya auna yadda bayan keken ya nutse da ma'auni; abin da ake nema shi ne wajen kashi 30 cikin ɗari. Idan bai kai haka ba, keken ya riƙa tsalle a kan duwatsu. Idan ya wuce, ya ƙure tun kafin a zo babban rami. Murza maɓalli sau biyu kacal na iya sauya halin keken gaba ɗaya, don haka manyan ƙungiyoyi ke ɗaura na'urorin auna motsi a jikinsa lokacin gwaji, su duba sakamakon a kwamfuta.

Siffar keken ma daban take. Ƙafar gaba ta kwanta sosai, wajen digiri 63, tsakanin taya da taya kuma da nisa, sirdi can ƙasa domin a tsaye ake tuƙi. Wannan ke hana mahayi hantsilawa ta gaba a gangara mai tsananin tsayi. Birki na faifai ne mai aiki da mai, faɗin faifan milimita 200 zuwa 220 saboda ya jure zafi. Giya bakwai ta isa. Tayoyi masu kauri ne da manyan haƙora, galibi ba tiyub a ciki, sai wani ruwa mai toshe huda. Ƙungiyar Santa Cruz ce ta fito da taya mai inci 29 a gasar cin kofin duniya a 2017, yanzu kuma da yawa sun koma haɗa inci 29 a gaba da 27.5 a baya.

Shi kuwa kabon, zare ne da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ana jera dubbansa a yi shimfiɗa, a jiƙa da wani irin gam, a yayyanka. Ma'aikaci ya ɗauki yankan ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaruruwa, yana liƙawa da hannu a cikin zubin ƙarfe, sannan a rufe a gasa da zafi da matsi har ya sandare. Yawancin wannan aiki a Taiwan da Sin da Biyetnam ake yin sa, kuma yawan aikin hannun da tsadar zubin su ne tushen farashin. Zaren yana da hali irin na karan dawa: idan aka ja shi ta tsawonsa ba ya tsinkewa, amma ta gefe ba shi da wannan ƙarfi. Saboda haka mai ƙira ke zaɓar inda kowane yanka zai fuskanta, ya sa wani sashe ya yi tauri, wani kuma ya ɗan ba da kai. Wannan iko shi ne ainihin amfanin kabon, fiye da rashin nauyi, domin keken gangare ko na kabon ne yakan kai kilo 16 ko 17.

Kabon yana da nasa aibi. Ƙarfe idan ya sha duka yakan lotsa, kowa ya gani. Kabon na iya tsagewa daga ciki alhali fenti na nan lafiya lau. Masu gyara kan ƙwanƙwasa wurin da ake zargi da kwabo, su saurara: inda ke da lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, inda ya rabu kuwa sai a ji dum. Sake sarrafa shi bayan ya lalace ma abu ne mai wuya. Kamfanin Commencal na ƙasar Andora ya ƙi amfani da shi, kuma Amaury Pierron na Faransa ya lashe kofin duniya na 2018 a kan kekensu na alminiyam. Kamfanin Trek ma ya mayar da kekensa Session zuwa alminiyam a 2021.

A fagen gasa, ɗaya bayan ɗaya ake sauka, agogo ne alƙali. Filin Fort William na Sukotlan bai kai kilomita 3 ba, amma yana gangarowa sama da mita 500, gwanaye kuma kan gama shi cikin minti huɗu da rabi ko makamancin haka. Sau da yawa abin da ke raba na ɗaya da na biyu bai kai daƙiƙa guda ba. Afirka na da gwarzonta a nan: Greg Minnaar na Afirka ta Kudu ya zama zakaran duniya sau huɗu, a 2003 da 2012 da 2013 da 2021, kuma na 2013 a garinsu Pietermaritzburg ya ci shi. A ɓangaren mata, Rachel Atherton ta Birtaniya ta cinye dukkan zagayen kofin duniya na 2016. Duk da haka har yau ba a sa tseren gangare a wasannin Olamfik ba.

Sayen keken ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Ƙafar gaba na bukatar sabon mai bayan kimanin awa 50 na tuƙi, tayoyi da takalman birki na cinyewa da wuri, ga hular kwano mai rufe haɓa da sulken baya da na gwiwa, waɗanda ba a sauka sai da su. Ga ƙwararren da ke farautar rabin daƙiƙa, firam na kabon ya cancanci kuɗinsa. Ga wanda ke koyo ko yake yi don nishaɗi, firam na alminiyam da shokazoba mai kyau da birki mai ci ya fi masa amfani.