Masu Girgiza Bango Don Iska Ta Wuce

Akwai injiniyoyin da hankalinsu duka yake kan milimita ɗaya ko biyu daga jikin ƙarfe. A wannan siririn wuri ne iska ke gogar fiffiken jirgin sama, mai ke gogar cikin bututu. Kusan rabin turjiyar da jirgin fasinja ke fama da ita a sararin sama daga wannan gogayya take fitowa, kuma da man jirgi ake biyanta. Sana'ar waɗannan mutane ita ce rage ta.

Kakan sana'ar shi ne Osborne Reynolds na Manchesta. A 1883 ya saki rini cikin ruwan da ke gudu a bututun gilashi. Da ruwan ke tafiya a hankali, rinin ya miƙe kamar yadda aka sake shi. Da aka ƙara gudu, sai ya watse ya gauraye. Wannan hargitsi ne magadansa ke kokawa da shi har yau.

Dab da bango, wato jikin fiffiken ko bututun, hargitsin yana da nasa tsari. Akwai dogayen zirare na iska mai nawa, da ƙananan guguwa kwance a gefensu. Guguwar kan ɗaga mai nawar sama, ta danno mai gudu ƙasa ya bugi bango, bugun nan kuwa shi ke ƙara gogayya. Sai wasu suka ce, to, a motsa bangon kansa mana, hagu da dama, a gicciye da hanyar iskar, kamar rariya a hannun mai tankaɗe. Bangon zai ja iskar da ke manne da shi, ya raba zirare da guguwar da ke ciyar da su.

A 1992 Jung da Mangiavacchi da Akhavan na Jami'ar Michigan a Amurka suka gwada haka a kwamfuta, gogayya ta ragu har kashi 40 cikin 100. Masu aikin hannu ba sa gamsuwa da allon kwamfuta. A 1994 Laadhari da abokansa suka ga hargitsin ya lafa a gwajin iska a Lyon ta Faransa, a 1998 kuma Choi da Graham a Ingila suka riƙa murɗa bututun ruwa gaba da baya, suka sami ragin kusan kashi 25.

Abin da ya fi burge ni a wannan sana'a shi ne yadda masu ita ke yi wa kansu hisabi. Bango ba ya motsi kyauta, wuta yake ci. A 2004 Maurizio Quadrio na Milan da Pierre Ricco suka zauna suka cire ƙarfin da aka kashe wajen girgizar daga wanda aka tsira da shi, sai ribar ta dawo wajen kashi 7 kacal, shi ma sai an girgiza a hankali. In aka matsa, uwar kuɗin ma tafiya take. Wani zai ɓoye irin wannan sakamako, su kuwa bugawa suka yi, suka koma neman dabara. A 2009 suka fito da ita: kada bango ya motsa duka a lokaci ɗaya, motsin ya riƙa bin tsawonsa kashi-kashi. Ragin ya kusa rabi, ribar ta haura zuwa wajen kashi 18. Shekara na zagayowa aka yanka bututu zobe-zobe a Milan, kowane zobe na juyi a nasa lokaci, ma'auni ya nuna ragin kashi 33.

Aikin yau da kullum na haƙuri ne. Ana auna gudun iska da wata waya da ta fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. A ɗora ta tsakanin tsinke biyu, a zafafa ta da lantarki. Gwargwadon yadda iska ta sanyaya ta, gwargwadon gudunta. Ƙura kaɗan na ɓata karatunta, kuskuren hannu na tsinka ta, zafin ɗaki in ya sauya sai an sake saita ta. Mai gwajin kan tura ta dab da bango sannu-sannu yana duba ta madubin ƙara girma. Bayansa akwai maƙerin jami'a da ya fafe kowane zobe daidai, wanda sunansa ba kasafai yake hawa saman takarda ba, alhali 'yar tazara tsakanin ƙarfe biyu ta isa ta rushe gwajin.

A Melbourne ta Ostireliya akwai hanyar gwajin iska mai tsawon mita 27. A can, a 2021, Ivan Marusic da abokansa suka girgiza bango a hankali don su taɓa manyan guguwa na nesa da shi, suka sami ragin kashi 13 a yanayin da ya fi kusa da na jiragen gaske, da ƙarfi kaɗan.

Har yanzu babu jirgin fasinja mai fata mai motsi. Tsohuwar dabarar tana buƙatar girgiza sau dubbai a daƙiƙa, ga nauyin na'ura, ga lalacewa. Abin da ya hau jirage shi ne leda mai ƙananan kwarori irin na fatar kifin shak, wadda Lufthansa Technik da BASF ke liƙa wa Boeing 777, tana rage shan mai da kusan kashi 1.