Ƙashi a wuyan kare ko hauka?

Karen da ke tsaron garke dukiya ne ga makiyayi. Wani lokaci yakan haɗiye ƙashi, ƙashin ya maƙale masa a wuya. Sai ya riƙa kakari, miyau na zuba, ya ƙi abinci. Mussa kuwa takan haɗiye allura da zarenta.

Hanya biyu ce a wuya, ta iska da ta abinci. Ido ba ya ganin cikinsu, amma hoton radiyo yana gani. Wani Bajamushe, Rontgen, ya gano hasken da ake ɗaukarsa a shekarar 1895. Hasken yana ratsa fata da nama. Likitan dabbobi yana kwantar da dabba a kan haƙarƙarinta, ya miƙe wuyanta, ya ɗauka. Ƙashi da ƙarfe suna fitowa fari, iska tana fitowa baƙi. Nan ake ganin inda abin ya tsaya, ko inda hanyar iska ta tsuke. Ƙaya da itace ba su cika fitowa ba.

Amma a yi hattara! Mahaukacin kare ma yana zubar da miyau, yana kasa haɗiya, kamar mai ƙashi a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A tsare shi nesa da yara, a kira likitan dabbobi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya tafi asibiti ran nan. Idan ciwon ya bayyana a jikin mutum, ba shi da magani.